Ku Tambaya Mu Amsa: Satar Babur a Cikin Unguwa

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon duk kan abu ɗaya suke: babur ya yi ɓatan dabo a ƙofar gida, ko a tsakar gida, ko a bakin wurin aiki. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, makaniken babur da mai gyaran wayarin da mai sana'ar makullai suka haɗa kai suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ajiye babur a ƙofar gida na kulle masa wuya, na shiga ɗauko wata takarda. Ban yi minti goma ba na fito, wayam. Makullin yana aljihuna har yanzu. Yaya aka yi aka tafi da shi a kulle?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da mafi alheri, Malam. Makullin wuya ba makullin tsaro ba ne. Idan ka karya kan babur gefe ka murɗa makulli, wani ɗan harshen ƙarfe ne da bai fi kaurin fensir ba yake fitowa ya shiga gurbi a wuyan firam. Shi kaɗai ke riƙe da babur ɗin. Hannun babur kuwa dogo ne, duk wanda ya fizge shi, ƙarfinsa ninkuwa yake a kan wannan ɗan harshe, sai ya karye ko gurbin ya ɓalle. Cikin 'yan daƙiƙoƙi an gama, ƙarar ma ba ta kai ta faɗuwar kwano ba.

Daga nan hanya uku ce. Ko a fasa makunnin a tayar da injin. A tsohon babur ma ba sai an fasa ba, domin idan ramin makulli ya cinye, kusan kowane makulli mai kama da naka yana murɗa shi. Gwada naka: in kana iya zare makulli injin yana aiki, makunnin ya mutu, canza shi. Ko kuma a tura: ɗaya ya hau naka, ɗaya ya biyo shi a kan wani babur ya sa ƙafa a matakin baya yana ingiza shi, mai kallo ya ɗauka mai ne ya ƙare wa bawan Allah. Ko a ɗauke shi cak. Ƙaramin babur mai injin 100 zuwa 125 nauyinsa wajen kilo 100 zuwa 120 ne, ƙarti uku sun isa su cusa shi a bayan mota.

Lura da ta ukun nan. Duk makullin da ke jikin babur kaɗai, komai ingancinsa, tare da shi za a ɗauke. Abin da ke toshe hanyoyin nan uku a lokaci guda shi ne a ɗaure babur a jikin abin da ba ya motsi. 'Yan sandan birnin Landan, da satar ƙananan babura ta addabi birnin, sun taƙaita wa jama'a shawararsu a kalma uku: kulle, ɗaure, lulluɓe. Ka ci gaba da kulle wuyan, ba ya cin komai, amma kada ka sa shi a lissafi.

TAMBAYA: Na sayi sarƙa da kwaɗo, aka datse ta kamar igiya. Wace irin sarƙa ce ba ta yankuwa?

AMSA: Babu ita, ɗan'uwa, duk wanda ya ce maka akwai ciniki yake nema. Aikin sarƙa mai kyau shi ne ta ɓata wa ɓarawo lokaci, ta tilasta masa kawo kayan aiki masu ƙara. Ɓarawo kuwa abu biyu ya tsana, jinkiri da hayaniya.

Fara da kauri, kuma kaurin ƙarfen zoben za ka auna, ba faɗin zoben ba. Duk abin da bai kai milimita 10 ba, babban almakashin yankan ƙarfe yana datse shi shiru, ko kare ba zai farka ba. Milimita 13 tana ba da wahala, sai almakashi mai hannu kusan mita guda da ƙato mai nauyi. Daga milimita 16 zuwa sama ta fi ƙarfin almakashin hannu. Sai dai akwai nauyi: mita guda ta mai 13 kusan kilo 3 ce, ta mai 16 kuwa wajen kilo 4 da rabi. Shi ya sa muke cewa mai 16 ta zauna a gida inda babur ke kwana, mai 13 ka riƙa yawo da ita. Kada ka rataya ta a wuya ko ka ɗaura a ƙugu kana tuƙi, in aka faɗi ita ce za ta karya ka. Sa ta a jaka ka ɗaure a kariya.

Kauri kaɗai bai isa ba, sai ƙarfen ya zama wanda aka tsaurara da wuta. Sarƙar jan kaya tana iya yin kauri amma taushi gare ta, zarton ƙarfe yana cin ta. Je wurin saye da magagari ka goga a zobe ɗaya. In ya kama ya bar tabo mai zurfi, bar ta. In ya zame yana ƙugi bai ci ba, ita ce. Waccan wayar kuwa da ake lulluɓewa da roba mai kauri ta yi kamar abin kirki, cikinta siraran wayoyi ne, ƙaramar filaya mai yanka tana cinye su ɗaya bayan ɗaya. Ta dace da ɗaure hular kwano, ba babur ba.

Kwaɗo ya yi daidai da sarƙa. In ka haɗa sarƙar milimita 16 da kwaɗo mai wuyan milimita 8, ɓarawo ko kallon sarƙar ba zai yi ba. Nemi kwaɗon da kafaɗunsa suka taso suka rufe wuyan, yadda in zobe ya shiga babu inda bakin almakashi zai kama. Akwai cibiyoyin da ke gwada makullai su ba su daraja: Sold Secure a Birtaniya tana da matakai huɗu, daga tagulla zuwa azurfa, zinariya da lu'ulu'u, ART ta ƙasar Holan kuma tana ba da tauraro ɗaya zuwa biyar. Tambarin yana da sauƙin bugawa a kwali na jabu, don haka ka duba sunan makullin a jerin da suke wallafawa a intanet.

Yanzu ɗaurin kansa, wanda a nan mutane suka fi yin kuskure. Zura sarƙar ta cikin firam in akwai rami, in babu, ta cikin tayar baya ta zagaye ƙarfen da ke riƙe da tayar. Ban da tayar gaba ita kaɗai: noti ɗaya ake kwancewa a zare sandar taya, ka wayi gari da taya a ɗaure babu babur. Ban da kariya da shokozoba, su ma 'yan notuna ne. Kada sarƙa ko kwaɗo su kwanta a ƙasa. Ƙasa ita ce uwar maƙerar ɓarawo, a kanta yake dukan zobe da guduma, a kanta kuma yake kafa hannun almakashi ɗaya ya hau ɗayan da dukan nauyinsa. Ja ta ta ɗame, ta rataya a iska, in ta yi tsawo ka ƙara zagaye. Ramin makullin kwaɗon ya kalli ƙasa, saboda ruwa da ƙura. Sannan ka girgiza turken da za ka ɗaura a jikinsa, ka duba tsawonsa. Turken da ake iya tumɓukewa, ko a ɗaga sarƙa a zare ta samansa, ba turke ba ne.

Abin da ya rage wa ɓarawo bayan wannan shi ne injin yankan ƙarfe mai faifai, irin na masu walda, wanda yanzu akwai mai batir. Yana yanka komai. Amma zobe mai kauri sai an yanka shi gefe biyu kafin ya buɗe, ga ihu ga tartsatsi, ga sarƙar da ke lilo a iska tana ƙin tsayawa. Da yawa a nan suke haƙura su nemi na maƙwabci. Kwaɗon kuma ka riƙa busa masa garin girafait, irin baƙin cikin fensir, duk wata biyu ko uku. Baƙin mai yana tara ƙura ya cushe shi.

TAMBAYA: A gidan haya muke, babura uku ke kwana a tsakar gida, kuma babu ginshiƙi ko turken da za a ɗaura. Mene ne abin yi?

AMSA: Ku nemi izinin mai gida ku kafa maɗauri a ƙasa. In akwai kankare na gaske mai kaurin santimita 10 ko fiye, ana sayar da zoben ƙarfe mai faranti da ake kafawa da kusoshi huɗu masu buɗewa a cikin rami, masu kaurin milimita 10 ko 12. A huda, a busa ƙurar ramin ta fita tas, domin ƙura ce ke hana kusa kamawa, a ɗaure tam, sannan a kashe kan kusoshin da walda yadda sifana ba za ta sake kama su ba. Kada a kafa a kan siririn daɓen siminti, ko tubalin shimfiɗa, ko bulo mai rami. Dogon ƙarfe ɗaya zai ɓanɓaro shi da gutsuren daɓen a jiki.

In babu kankare, ku haƙa rami santimita 40 tsawo, 40 faɗi, 40 zurfi. Kwaɓin ya zama awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, uku na tsakuwa. Yawanci rodi ake lanƙwasawa a binne ƙafafunsa, to amma rodi ƙarfe ne mai taushi, zarto yana gama da shi. In shi za a sa, kada ya gaza milimita 20, a lanƙwasa ƙafafun waje don kada ya zaru, kuma abin da zai leƙo sama kada ya wuce inda sarƙa za ta bi. Dabarar da ta fi ita ce a binne lanƙwasasshen bututu mai faɗin baki kamar santimita 8 a cikin kankaren, bakinsa biyu suna kallon sama. Sarƙa ta shiga ta nan ta fito ta can, babu abin yanka a waje sai ita kanta. A huda gindin bututun a zuba tsakuwa a ƙarƙashi don ruwa ya tsiyaye. Ku riƙa ba kankaren ruwa kwana bakwai kafin a fara ɗauri, cikakken ƙarfinsa kuwa sai ya kwana 28.

Wurin ya zama jikin bango, a lungu in da hali, yadda babur zai tsaya a kan maɗaurin ya tare hanya. Kafin ku gama wannan, ku ɗaure baburan uku da juna ta firam. Kilo ɗari uku a haɗe ba ya ɗaukuwa.

Ku dubi ƙofar gidan ma, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙofofin ƙarfe da yawa ana ɗaga su sama su fita daga maratayinsu, kwaɗo yana nan a kulle. Mai walda ya ɗiga ƙarfe a saman maratayin, magana ta ƙare.

TAMBAYA: Ni mace ce, da lifan nake zuwa aiki, ba zan iya yawo da sarƙa mai nauyi ba. An ce in sayi makullin faifan birki mai jiniya. Yana da amfani?

AMSA: Yana da shi, Malama, in babur ɗinki mai faifan birki ne. Mai birkin kwano ba shi da inda makullin zai kama, sai ki nemi dogon kwaɗo mai siffar baka wanda zai ratsa tayar baya. Makullin faifai yana hana turawa da tuƙawa, ba ya hana ɗauka. Zaɓi mai harshe mafi kauri da zai shiga ramin faifanki, auna ramin kafin ki saya. Masu jiniya suna kaiwa desibel 110 zuwa 120, ƙarar da ke sa kowa ya waiwayo, amma batirinsu ƙanana ne, ki riƙa gwadawa duk wata. In tana kuka don iska ta kaɗa ko babbar mota ta wuce, rage mata ji, domin jiniyar da ke ihu kullum ba wanda ke fitowa dominta.

Hatsarin makullin nan mantuwa ce. Mutum ya tayar ya ja, taya ta yi rabin juyi, makulli ya daki abin birki, a faɗi, faifai ya lanƙwashe. Akwai 'yar igiya mai launi da ake ɗaurawa daga makullin zuwa hannun babur don tuni, kada ki raina ta. Tun da wurin aiki ɗaya kike zuwa kullum, nemi izini ki bar sarƙa mai nauyi a ɗaure a can dindindin, makullinta kawai za ki riƙa ɗauka. Ki kuma lulluɓe babur ɗin. Ɓarawo yakan zo da irin wanda yake nema a ransa, lulluɓin yana tilasta masa tsayawa ya ɗaga, abin da ba ya so a gan shi yana yi.

TAMBAYA: Gaskiya ne ɓoyayyen makunni yana hana sata?

AMSA: Yana hana tayarwa, shi ke nan, amma ba ƙaramin abu ba ne. A yawancin ƙananan babura masu kik, makulli ba shi ke ba injin wuta ba. Aikinsa kashe tartsatsin filogi ta hanyar zubar da wutar a jikin firam. Ɓoyayyen makunni yana yin wannan aikin a wani wuri na dabam, ko an fasa na ainihi filogi ba zai yi tartsatsi ba. A baburan da tartsatsinsu ya dogara da batir, da masu feshin mai da kwamfuta, wutar da ke zuwa akwatin tartsatsi ko famfon mai ake katsewa, kuma ta hanyar rile, wato ɗan makunnin da wutar lantarki ke kunnawa da kashewa, ya kamata a yi. Mai wayarin ya fara gane irin naka kafin ya yanka komai.

Inda ake samun matsala shi ne haɗin. A murɗa waya biyu a naɗe da salatif, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama, wata rana babur ya mutu maka a tsakiyar titi kana tsakanin motoci. A yi haɗin da dalma, a sa robar da ke tsukewa da zafi, makunnin ya zama wanda ruwa ba ya shiga, sabuwar wayar kuma a cusa ta cikin damin wayoyin asali kada ta fito daban. Ban da ƙarƙashin bakin kujera da gefen tanki, can hannun ɓarawo ke fara lalube. Kada ka riƙa taɓa shi a gaban jama'a, kuma in babur sabo ne ka tambaya ko yanka waya zai soke garanti.

Rufe famfon mai na hannu ma yana taimakawa a babur mai kafireto: ɗan man da ya rage yana kai babur 'yan ɗaruruwan mita ya mutu. Dabara ce da kowa ya sani, ƙari ce kawai.

TAMBAYA: Na sa na'urar bin sawu, mai nuna inda babur yake a waya, amma in babur ya kwana huɗu ko biyar ba a tayar ba sai batir ya mutu. Laifin na'urar ne ko na wanda ya sa?

AMSA: Yana iya zama kowanne, lissafi zai nuna. Na'urar da ke jan miliyamfiya 20 ba dare ba rana (miliyamfiya dubu ne amfiya ɗaya, ma'aunin wutar lantarki) tana shan kusan rabin amfiya a awa 24. Batirin ƙaramin babur yawanci amfiya 5 ne ko kusa da haka. Cikin kwana biyar rabi ya tafi, batirin da ya kai rabi kuwa da ƙyar yake juya sitata. Na'ura mai kyau tana yin barci in babur ya tsaya, ta koma jan 'yan miliyamfiya kaɗan. To a jikinta akwai wayar da ake haɗawa da wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli, da ita take gane an kashe injin. In mai wayarin ya haɗa wannan da wutar dindindin, na'urar za ta ɗauka kullum tafiya ake, ba za ta taɓa barci ba. Sa a auna da mita babur yana kashe, bayan minti goma da tsayawa. Kuma a tabbatar akwai fis na amfiya 1 ko 2 a wayar wutar, don kada gajeriyar waya ta cinna wa babur wuta.

Tun da ka taɓo na'urar, ga abubuwan da ke sa ta ƙi aiki ranar da ake nemanta. Na farko wurin ɓoyo. Siginar tauraron ɗan'adam tana ratsa roba, ba ta ratsa ƙarfe, don haka ƙarƙashin tanki bai dace ba, fuskar na'urar kuma ta kalli sama. A nisanta ta da zafin injin da kwayil. Kada a ajiye ta gefen batir, kada kuma a ja wayarta kai tsaye daga kan batir, ɓarawo yana ɗaga kujera ya bi baƙuwar waya har gidanta. A ɗauki wutar daga can cikin damin wayoyi. Na biyu, ta zama mai ƙaramin batir a cikinta, mai aiko saƙo nan take in an cire mata wuta ko an motsa babur. Wannan saƙon ya fi taswirar kanta amfani, don shi ke tashin ka tun ɓarawo yana ƙofar gida. Na uku layin da ke ciki: in kuɗi ko data sun ƙare, ko kamfani ya rufe layin don an daɗe ba a yi amfani da shi ba, na'urar ta zama dutse. Ware rana ɗaya a wata ka nemi babur ɗinka a waya. Masu arha da yawa da tsarin 2G suke aiki, wasu ƙasashe kuma sun riga sun rufe shi, ka bincika kafin saye.

Na huɗu lambar sirri. A 2019 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya bayyana cewa dubban ɗaruruwan na'urorin bin sawu masu arha suna aiki da lambar da suka fito da ita daga masana'anta, 123456. Wanda ya san wannan yana iya ganin inda babur ɗinka ke kwana. Canza ta ranar da aka sa.

In taka tana kashe injin daga nesa, kada ka kashe babur yana gudu, ana iya hallaka mai tafiya a ƙafa da bai ji ba bai gani ba. Jira taswira ta nuna ya tsaya. In ka ga inda yake, kada ka tafi kai kaɗai ko da gayyar abokai, je da 'yan sanda. A fili na'urar tana nuna wuri da kuskuren 'yan mitoci, a cikin gini kuwa sau da yawa wurin ƙarshe kafin a shiga take nunawa, wanda zai iya zama ƙofar wanda bai san komai ba. Ɓarayi sukan jingine babur a wani lungu kwana ɗaya ko biyu su ga ko za a biyo shi, wannan ita ce damarka.

TAMBAYA: AirTag fa, zai wadatar?

AMSA: AirTag ɗan ƙaramin abin bin sawu ne na kamfanin Apple. A matsayin na biyu, e. Ba shi da layi, da wayoyin iPhone da ke wucewa kusa yake aiko wurinsa, inda babu su shiru za ka ji. An kuma gina shi ya tona kansa: yana ƙara in ya daɗe da rabuwa da mai shi, wayar ɓarawon ma, iPhone ce ko Android, tana iya gaya masa akwai abin da ke bin sa. Batirinsa CR2032 ne, yana kai kamar shekara.

TAMBAYA: Ni dattijo ne a layinmu. An ɗauke babura da dama cikin ɗan lokaci, matasa sun fusata. Me za mu yi a matsayin unguwa?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Sata in ta yawaita a layi ɗaya, akwai mai leƙe, wanda ya san wa ke barin babur a waje da ƙarfe nawa ake kashe fitila. Alamunsa sukan bayyana kafin ranar: an yanka lulluɓi an leƙa, an zuba gam ko yashi a ramin kwaɗo don mai shi ya kasa kullewa ya bar babur haka, jiniya tana tashi dare biyu a jere ana gwada ko za a fito. Wanda ya ga haka ya shigar da babur ɗaki a daren, ya sanar da maƙwabta. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku buɗe littafi na baburan layin, da lambar kowanne da launinsa da wayar mai shi, masu gadi su riƙe kwafi. Duk wanda aka gani yana tura babur cikin dare a tsayar da shi cikin mutunci, ya nuna makulli ya kira sunan gidan da ya fito. A wurin ajiya na jama'a a yi kati mai rabi biyu da lambar babur a rubuce, babu rabin kati babu fita. In za ku sa kyamara, kada ku kai ta ƙololuwa, saman hula kawai za ta ɗauka. Mita biyu da rabi ya isa, tana kallon mashigar layi, fitila tana haska fuskar mai shigowa ba bayansa ba. Kyamarar ta samu batirin ko-ta-kwana, a daidaita agogonta, don hoton da lokacinsa ya saɓa yana rasa daraja a wurin bincike.

Matasan kuma, Baba, a ja musu kunne da babbar murya. Wanda aka kama a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. An sha dukan mai babur na gaskiya da ya yar da makullinsa yana turawa gida. Kuma ɓarawon da ke hannun hukuma shi ke kai ta wurin mai saye, wanda shi ne tushen abin.

TAMBAYA: Da babur nake neman abinci, ina ɗaukar fasinja. Tsorona ƙwace ne, ba sata a ajiye ba.

AMSA: In an nuna maka makami, sauka ka ba da, rai ya fi dukiya, ɗan'uwa. Kada ka yi kokawa, kada ka bi su. Ƙoƙarinka ya tafi wajen riƙe kamanni da hanyar da suka bi. Rigakafin kuwa: ka yi hattara da fasinjan dare da ya amince da kowane kuɗi ba ciniki, ko mai canza wurin sauka a hanya zuwa inda babu mutane. Sauke shi a bakin titi mai haske. Wayarka kada ta zauna a maƙale a hannun babur, in sun tafi tare da me za ka bi sawu? Wani na gida ya san yadda ake buɗe na'urar a tasa wayar. Makullin gida kuma kada ya zama a zobe ɗaya da na babur.

TAMBAYA: In ƙaddara ta faɗa, me ya kamata in fara yi?

AMSA: Awa ta farko ta fi kwana goma na baya. Duba na'urar bin sawu, kira 'yan sanda, sannan ka je ka ba da rahoto a rubuce ka karɓi shaidarsa. Wannan takardar tana kare ka in an aikata laifi da babur ɗin, ita kuma kamfanin inshora zai nema. A sani, inshorar da ke biyan wanda ka buge kaɗai ba ta biyan sata, sai wadda aka rubuta sata a cikinta. A ranar ka bi masu kyamara a layin da mashigarsa, domin na'urorin suna goge tsohon hoto su hau kansa, wasu cikin mako guda. Kada ka taɓa yankakkiyar sarƙa ko kwaɗo kafin a ɗauki hotonsu. In ka sa sanarwa a Facebook ko WhatsApp, ɓoye wata alama ɗaya da kai kaɗai ka sani, domin za a kira ka a ce an ga babur, ka turo kuɗi. Wanda bai iya faɗin alamar ba, ɗan damfara ne.

Duk wannan yana tafiya ne in tun yau ka ɗauki hoton lambar firam, lambar injin, rasit da takardun rajista, da babur ɗin ta gefe huɗu. Takardun asali su kwana a gida, ba a ƙarƙashin kujera ba.

TAMBAYA: An kawo mini babur na hannu da arha sosai, mai shi ya ce takardun sun ɓata. In saya?

AMSA: Kada ka saya, Malam, araha ba ta ado. In na sata ne za a karɓe shi, kuɗinka ya tafi, kuma kai za ka yi bayanin yadda ya zo hannunka. Ko mai takardu ne, ka duba da idonka. Lambar firam tana buge a wuyan babur, ƙarƙashin hannu, a yawancin baburan zamani haruffa da lambobi 17 ne, kuma ba a sa I, O da Q a cikinsu. Lambar injin tana jikin kaskon injin ta ƙasa, galibi gefen hagu. Goge wurin da tsumma, ka haska tocila ta gefe ba ta gaba ba, ka bi da yatsa. Bugun masana'anta a jere yake, zurfinsa ɗaya. In ka ji wurin ya lotsa kamar an goge, ko harafi ɗaya ya karkace, ko akwai sabon fenti ko tabon walda a wuyan kaɗai, tashi. Dubi makullin ma: in na makunni daban, na tanki daban, na kujera daban, tambayi dalilin canzawa. Sunan da ke takarda ya dace da katin shaidar mai sayarwa, ku je ofishin rajistar ababen hawa tare a tabbatar da lambobin kafin kuɗi ya fita, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, lambar firam da ta injin a cikinta. Wanda ya ce sauri yake ba zai iya zuwa ofis ba, bar masa babur ɗinsa.